Tafiyata Mafara Sayen Kayan Hoton Bashar

Tun da na dawo daga Zamfara ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shago, kafin ya tambayi kuɗin batir sai ya ce, "Kabiru, ya hanya? Da gaske ne abin da ake faɗa? Ka samo kaya?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, ina cikin yi ciniki ya katse ni. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata sayar da kyamarori na hannu da kayansu a Kano. Kafin nan ɗaukar hoto nake yi. A wani situdiyo a Kaduna na koya, kuma a can na haɗu da Bashar, mutumin Talata Mafara. Ɗaki ɗaya muka zauna, kwano ɗaya muka ci. Da aka yaye mu, ni na dawo gida na karkata ga saye da sayarwa. Shi ya koma garinsu ya buɗe shago, ya sayi babur, ya zama shi ne mai hoton biki da suna da saukar karatu a ƙauyukan yankin. Zumuncinmu ya koma na waya, ita ma wayar sai Sallah zuwa Sallah.

Cikin daminar nan ya kira ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Kabiru, ka taho ka saye kayana dut."

Na yi dariya na ce, "Alhaji Bashar ya samu, sababbi za a sauke ke nan. To ɗauko min hotunansu ka turo ta waya in gani."

Ya ce, "Ba ni iyawa. Kai dai taho."

Na ɗauka matsalar sabis ce. Kuma dama ni ban taɓa sayen lens, wato gilashin gaban kyamara, ban riƙe shi a hannuna ba. Wanda ya saya ta hoton waya ya sayi kura a buhu. Maiɗakina ba ta so tafiyar ba, ta ce hanyar ba ta mutane ba ce yanzu. Na ce mata ai mutane ne a can ɗin ma, kuma kullum bi suke yi.

Na hau motar Gusau da sassafe. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, ta san kowane rami na hanyar. A gaba kuma wani dattijo ne da ɗansa, daga asibiti suke. Har Funtua mota cike take da hira, ana musun farashin taki, direba ya ƙure rediyo. Muna barin Funtua ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Babu wanda ya ce masa don me. Hajiya ta fito da carbi. Na lura direban ya daina kallon gabansa kaɗai, yana lura da motocin da ke tahowa daga ɗaya hannun. Na tambayi Hajiya a hankali, ta ce, "Muddin suna tahowa, hanya lafiya. In ka ga sun ɗauke, to a tsaya."

Wajen Yankara, inda Katsina ta ƙare Zamfara ta fara, babu wata ƙofa ko alama da ta kama idona sai shingayen jami'an tsaro, wani na bin wani. A ɗaya daga ciki aka ce kowa ya sauko da jakarsa. Jami'in da ya buɗe tawa ya sa hannu ya zaro robar nan baƙa mai dogon baki da muke hure datti daga lens da ita. Ya dube ta, ya sake ta a ƙasa, ya yi tsalle baya yana kiran ɗan'uwansa. Gurneti ya ɗauka. Nan da nan fasinjoji suka dare, aka bar ni ni kaɗai hannuwa a sama ina rantsuwa. Da ƙyar suka yarda na sunkuya na ɗauka, na juya bakinta ga fuskata na matsa, ta hura min iska a ido. Hajiya ce ta fara fashewa da dariya, sai kowa ya kama, har shi jami'in. Ya karɓa ya hura wa kansa sau biyu kafin ya ba ni. Dariyar da muka yi ke nan har Gusau.

A Gusau na ci shinkafa da wake a tasha na sauya mota. Na isa Mafara bayan la'asar. Wanda ya zo tarbata ƙanen Bashar ne, Shehu, magidanci mai ƙaramar motar haya. Mu a Kano mun gutsure gaisuwa, "ya aiki, ya gida" mun wuce. Shehu ya riƙe hannuna bai saki ba sai da ya tambayi gajiya, da iyali, da mutanen Kano, da ruwa, da kasuwa, ya koma kan gajiya. Ina ta neman inda zan sa tambayar Bashar ban samu ba. Da na samu na ce, "Ina mutumin? Ya fi ƙarfin zuwa tasha?" Shehu ya ce, "Shina gida," ya ɗauki jakata.

Na same shi zaune a zaure kan tabarma, ya yi fes da farar riga kamar mai jiran baƙin ɗaurin aure. Na yi sallama, ya miƙe da fara'a ya miƙo hannu. Hannun ya wuce ni, ya nufi inda ƙofa take. Na tsaya. Shehu ya sunkuyar da kai. Ni na matsa na kamo hannun.

"Ka gani ko?" in ji Bashar. "Shi ya sa na ce ba ni iyawa."

Ban san abin da na ce ba. Na dai zauna, muka yi gaisuwar duk da haka, tun daga farko har ƙarshe. Sai da aka kawo ruwa ya ba ni labari. Hawan jinin ido ne, in ji likitoci, kuma an makara. Ya ce abin daga gefe ya fara, kamar ana rage masa fili kaɗan-kaɗan.

"Na ɗauka gajiya ta. Sai mutane sunka hwara dawo min da hoto, suna cewa na yanke na gehe. A yi layi mutum goma, in hidda takwas. Sannan na tahi asibiti. Sun ce jijiyar ta mutu, wadda ta mutu ba ta tashi. Yanzu haske nika gani da duhu, shi ke nan."

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Ya ce, "Da na hwaɗa maka, jaje zaka zo yi. Ni ciniki nika so."

Matarsa Luba ta aiko mana da tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa a bakinmu. Miya ce mai tsami da daɗi, amma na kasa ci sosai. Bashar yana jin ƙarar kwano, ya ce in ban cinye ba Luba za ta ce Kanawa sun raina girkinta. Aka sauke ni a tsohon shagonsa da ke jikin gidan, wanda aka rufe tun bara. Labulen da mutane ke tsayawa a gabansa yana nan rataye, mai zanen bene da furanni da mota a ƙofar gida. A ƙarƙashinsa aka shimfiɗa min katifa.

Da safe aka kawo hoce, wani curin dawa da ake gasawa, aka marmasa shi da ƙuli-ƙuli da mai da albasa. Su datu suke ce wa wannan haɗin, mu kwaɗo. Na yi kuskuren gatsar hocen haka nan kafin a jiƙa shi, haƙorina ya gaya min. Shehu ya yi dariya har da riƙe ciki.

Daga nan muka zauna kan kaya. Bashar ya jawo jakar da kansa, yana fito da su ɗaya-ɗaya, yatsunsa sun san mazaunin kowanne. Jikin kyamara ɗaya, lens biyu, filash, batura, da caja. Ku da kuke yawan tambayata yadda ake duba kayan hannu, ga yadda na yi, kuma haka nake yi ko na wane ne. Na cire lens na dubi bakin ƙarfen da yake ɗaurawa, ko ya cinye ko ya lanƙwashe, don nan ne faɗuwa take barin shaida. Na murza zoben saiti a hankali in ji ko yana tafiya sumul ko yana cijewa. Na girgiza shi kusa da kunne. Na buɗe murfin gaba da na baya na haska tocila ta ciki. Ƙura kaɗan ba komai ba ce, babu lens ɗin da ba shi da ita, kada mai saye ya karya muku kaya da wannan. Ɗan ƙarce a gilashin gaba ma da sauƙi, na baya shi ne abin tsoro. Sai na ɗaura na ɗauki bangon bulo, na duba ko kowane gefe ya fito daidai. Kada ku yarda da kyan fenti. Na ga kyamarar da take sheƙi cikinta ya gama aiki, na ga wadda ta koɗe kamar tsohon takalmi tana aiki garau.

Ina danna maɓalli Bashar yana karkata kai yana sauraro. Ya ce, "Ka ji muryatta? Ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Kayan lafiya lau suke. Na faɗi farashi, na ɗora wani abu a kai da gangan. Ya yi murmushi ya girgiza kai.

"Ido na rasa, Kabiru, ban rasa kai ba. Na san kuɗin kayana. In na kai ga bara, kai zan hwara kira. Yanzu dai saye zaka yi."

Na sauko zuwa gaskiya, ya sallama. Sannan ya ce babban yana Bakura. Dogon lens ne fari, mai jawo nesa kusa, wanda ya fi duk sauran kayan tsada in an haɗa su. Ya daɗe yana tara kuɗinsa. Bai more shi ba. Wata rana 'yan sa-kai suka tare shi a bakin wani ƙauye da shi a kafaɗa. Wasu suka ce bindiga ce, wasu suka ce da shi yake leƙa wa mutanen daji asirin gari. Sai da liman ya fito ya shaide shi aka sake shi. Tun ranar ya kai shi gidan surukinsa ya ajiye. Ya ce min a kan lens ɗin nan ya ɗora duk burinsa. In an sayar, injin niƙa za a saya wa Luba a kafa a ƙofar gida, shi ya zauna yana karɓar kuɗi.

Shehu ya kai mu Bakura a motarsa. Hanya ce ta shinkafa, hagu da dama kore, ruwa kwance a gonaki. Kafin mu shiga gari tayar baya ta nutse a taɓo. Wasu manoma da suka ce daga Birnin Tudu suke suka ajiye fartanya suka turo mu. Ni da na fita in taimaka, taya ta watso min taɓo daga gwiwa har hula. Na miƙa musu na goro suka ƙi karɓa, ɗaya ya ce, "Baƙo na, kuma ga Mai Hoto cikin mota." Haka suke kiran Bashar ko'ina muka bi. Manomin ya leƙa ta taga ya ce wa Bashar shi ne ya ɗauki hoton aurensa, har yanzu yana rataye a ɗaki.

Surukin, Alhaji Mamman, mahaifin Luba, dattijo ne mai jiki da murya, gidansu gidan fawa ne da fataucin shanu tun kakanni. Bai bari an yi maganar kaya ba sai da aka ba ni wata riga na sauya, aka dire mana tiren balangu mai zafi da fura. Naman da na ci a gidan nan ban taɓa cin irinsa a Kano ba. Yana yanka yana turo min, yana cewa, "Ci, ɗan Kano, ku can ƙashi aka sai muku."

Da aka ɗauke tire ya tafa hannu ya ce, "To, yau ni ad dillali, kuma ba ni son la'ada. Amma ka sani, ɗan Kano, bijimi na zan hiddo maka, ba maraƙi ba."

Ya shiga cikin gida da kansa ya fito rungume da akwatin ƙarfe. Yana buɗewa yana ba mu labarin yadda ya kula da amanar. Ya ce ya ji an ce zafi yana ɓata irin waɗannan kaya, don haka ya naɗe shi da bargo, ya sa a leda ya ɗaure, ya ajiye a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi, kusa da randunan ruwa. Damina biyu ko buɗewa bai bari an yi ba.

Tun yana magana gabana ya faɗi. Na kwance ledar, na cire murafe, na haska tocila. Cikin gilashin ya yi fari da zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, daga gefe har tsakiya, ba a gilashi ɗaya ba. Fumfuna ce. Danshi da duhu su ne abincinta, kuma in ta daɗe cin gilashin take yi, ko an goge sai ta bar tabo. Lens wuri busasshe yake so, mai iska, a riƙa fito da shi yana ganin haske. Ko 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi ka zuba a jakar sun taimaka. Leda kuwa kabarinsa ce.

Alhaji Mamman ya yi shekaru yana karanta fuskar masu saye a kara, kasuwar shanu, bai buƙaci in yi magana ba. Fara'arsa ta ɗauke. Ya dube ni, ya dubi Bashar, ya ɗora yatsa a leɓe. Sannan ya nuna ƙirjinsa ya murza yatsu, wato in faɗi kuɗin mai lafiya, shi zai cika daga aljihunsa. Na rasa abin yi. Ina riƙe da lens, tocila tana kunne.

Bashar ya ce, "Kun yi shiru. Miƙo min shi."

Na miƙa masa. Ya shafa shi tun daga baki har gindi, ya murza zoben, sannan ya kai shi hanci ya shaƙa. Ya daɗe a haka.

"Hunhuna ta," in ji shi. "Ta kai tsakiya, Kabiru?"

Na ce, "Ta kai."

Alhaji Mamman ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Wannan babban mutum mai muryar da ta cika zaure, sai ga hawaye yana bin gemunsa. Yana cewa, "Ni na kashe shi. Amana anka ba ni, na kashe ta da hannuna." Ya rantse sai ya sayar da sa ya biya. Bashar ya lallaɓa da hannu har ya samo gwiwarsa ya dafa.

"Baba, don Allah bari. Kai ka ɓoye shi lokacin da ni kaina nika tsoron shi. Ka ba ni ɗiyarka, tana riƙe da ni yanzu da ban da amfani. Wane sa zaka biya ni da shi?"

Sai Bashar ya koma lallashin surukinsa, mu da Shehu muna kallon tabarma. Na ce zan tafi da shi Kano wurin mai gyara, ko Allah zai sa a ceto wani abu. Don kada in bar ku da tambaya, na kai. Ya buɗe ya ce ta riga ta ci gilashin, sai dai a sayar da ƙarafan. Na kira Bashar na gaya masa, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Maganar injin niƙa tana nan ba a yi ba.

A hanyar komawa Mafara Bashar ya ce yana da roƙo ɗaya kafin in tafi. Tun da rashin zaman lafiya ya tashi ƙauyuka, mutane suke zuwa gidansa neman hotunan 'yan'uwansu da suka rasu, don da yawa wayoyinsu da hotunan bangonsu sun tafi tare da gidajen. Duk aikin da ya yi yana cikin tsohuwar kwamfutarsa, amma ba ya gani balle ya nemo. Akwai wata tsohuwa, Inna Tumba, daga wani ƙauye can bayan Dosara, yanzu tana zaune gidan ƙanenta a Maradun. An kashe ɗanta Sahabi a gona. Ta aiko ya fi a ƙirga. Bashar ya tuna ya ɗauki wani biki a ƙauyen, kuma Sahabi yana cikin abokan ango.

Muka buɗe kwamfutar a shago. Ni ina kallo ina kwatantawa, shi yana tunawa. In ce ga wani gajere mai jar hula, ya ce wannan wane ne, ya rasu. In ce ga wani mai gemu yana dariya, ya ce wannan yana Legas yana tura baro. Ya ce Sahabi dogo ne, baƙi, mai wushirya. Na samo wani dogo mai wushirya ya fito tas, muka wanke shi babba, muka sa a firam.

Washegari muka kama hanyar Maradun. Ta fi sauran shiru. Shehu bai yarda mun tashi ba sai da rana ta ɗaga, motocin kasuwa suka fara fitowa. Mun wuce gonaki masu kyau da ba a noma ba, ciyawa ta kai ƙugu. A cikin garin kuwa mutane sun yi yawa fiye da gidajen, kowane zaure da baƙinsa.

Inna Tumba 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta fito zaure da lulluɓi ta zauna nesa kaɗan. Gaisuwarta ta fi ta kowa tsawo, ta yi wa Bashar jajen idonsa, shi ya yi mata ta'aziyya. Ba ta kama sunan ɗan ba ko sau ɗaya, ɗan fari ne, "yaron nan" take cewa. Na miƙa mata firam ɗin. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske. Ta duba, ta duba.

"Wanga Lawali na, ɗan maƙwabtanmu," in ji ta. "Allah shi jiƙan shi, shi ma ya tahi. Ba yaron nan ba na."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Allah ya sa mun taho da kwamfutar. Na matsa kusa da ita na buɗe hotunan bikin, ina wucewa ɗaya bayan ɗaya. Tana kiran sunayen mutane a hankali, kamar mai gaishe su. Can ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Ga shi nan."

Hoton ango ne, ya fito tas har zaren hularsa ana gani. A bayansa, ta kafaɗar dama, akwai wani dogon mutum cikin shuɗiyar riga, ya ɗan karkata kai. Fuskarsa ta narke, babu ido babu baki, sai inuwa. Irin hoton da angwaye suke so ke nan, a buɗe ƙofar hasken lens gaba ɗaya, mai biki ya fito shi kaɗai, duk abin da ke bayansa ya dushe. Ni kaina na sayar wa mutane lens da yawa da wannan zance. Na bi sauran hotunan kaf. Ko'ina Sahabi yana bayan ango, inda babban aboki yake tsayawa, kuma ko'ina haka ya fito. Na jawo fuskar kusa, ta ƙara wargajewa.

Na ce, "Inna, kin tabbata shi ne? Fuskar ba ta fito ba."

Ta ce, "Haka shika tsayuwa. Tun shina yaro haka shika karkata kai."

Sai ta kama gefen mayafinta ta shiga goge gilashin kwamfutar daidai wurin fuskar, a hankali, ta goge ta duba, ta sake gogewa. Babu wanda ya iya ce mata komai. Da ta gaji ta ce a wanke mata wannan ɗin, haka nan tana so. Firam ɗin Lawali kuma ta ce a bar mata, ta san inda uwarsa take. Shehu ya kai ni wurin wani mai hoton fasfo a bakin kasuwa muka wanke, na yanke angon na bar Sahabi shi kaɗai. Ta karɓa ta sa cikin zani, ta yi mana addu'a har muka shiga mota.

Mun yi nisa kafin Bashar ya yi magana.

"Lokacin da kunka yi shiru, mi taka yi?"

Na so in ce ba komai. Amma na ga yadda yake gane shiru, sai na gaya masa. Ya juya fuskarsa wajen taga.

"Da na ɗan ruhe lens ɗin kaɗan," in ji shi, "da ta ga ɗanta."

Shehu ya ce, "Yaya, wa ya sani?"

Ku masu zuwa biki da kyamara, ku yi wa ango abin da yake so, shi ya kira ku. Amma kafin a watse ku ja baya, ku ɗan rufe ƙofar hasken lens, ku ɗauki ko guda ɗaya wanda kowa ya fito a cikinsa, har mai riƙe da buta.

Da safe suka raka ni tasha. Luba ta aiko da ƙullin hoce da ƙuli-ƙuli na kai wa iyali. Bashar ya riƙe jakar kyamarar a kafaɗarsa tun daga gida, sai da mota ta cika ya sauke ya miƙo min ta taga. Ya ce in ta samu mai saye in zaɓi mai hankali, kada in ba wanda zai bar ta a rana cikin mota. Na ce to. Muka yi sallama, direba ya ja, muka zagaya ta ɗaya ƙofar tashar.

Da na waiwaya, Bashar yana tsaye yana ɗaga hannu wajen da motar ta bari, yana murmushi, babu kowa a wurin sai mai sayar da rake. Shehu ya dafa kafaɗarsa ya juyo da shi wajenmu a hankali. Kafin ya gama juyowa mun hau titi.